Finjalin da Marzuk Ya Ajiye

Marzuk ɗan Faraj mai zuba gahawa ne a fadar Bandar Sahla, kamar ubansa, kamar kakansa tun zamanin da rufin fadar na ganyen dabino ne. Unguwarmu ɗaya, bayan kasuwar kifi. Shekarar da mahaifina ya kai ni makarantar mishan, inda aka koya mana Turanci da ja layi da rula, shi kuma aka miƙa masa ƙaramar buta aka ce ya bi bayan ubansa. Na gama na zama tafinta a fada. Ni ina kai magana daga baki zuwa kunne, shi yana kai finjali daga hannu zuwa hannu, kuma darasin da aka fara koya mana iri ɗaya ne, wato kada fuskarka ta nuna ka ji abin da manya ke faɗa.

Ban taɓa ganin wanda ya iya aikinsa kamarsa ba. Buta a hagu, finjalai a dama. Yakan zuba ɗan abin da zai rufe gindin finjali kawai, domin cika wa baƙo finjali daidai yake da ce masa ya sha ya tashi. Yakan tsaya a ɗan sunkuye har sai baƙo ya kaɗa finjalinsa alamar ya ƙoshi. Da kansa yake soya ƙwayar, da kansa yake daka ta, kuma a wancan zamani duk wanda ya ji ƙarar turminsa daga titi ya san an gayyace shi. Haka garinmu yake kafin a yi wa fada katanga mai tsawo.

Matarsa Galiya 'yar masu nutso ce, masu neman lu'ulu'u. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka ake kiransa Abu Faraj, da sunan mahaifinsa, kamar yadda ake yi wa wanda ake jira ya samu ɗa. Ita mai baki ce, shi kuma sai ya wuni bai yi magana goma ba. Na sha cin shinkafa da kifi a gidansu ina jin tana tsokanarsa.

“Ustaz, ka ga mutumin nan? Ko Mala'ikan mutuwa ne ya yi sallama, cewa zai yi bismilla, zauna in zuba maka tukuna.”

“To ba baƙo ba ne?” in ji Marzuk.

“Ka ji ko? Ni kuwa in na ce a miƙo mini ruwa, sai ya ce tulu na bayana.”

Sun tsufa tare a haka, har Galiya ta fara ramewa. Likitocin asibitinmu suka ce ciwon a jini yake, ya fi ƙarfinsu. A lokacin gwamnati na tura irin waɗannan marasa lafiya wata ƙasa a Turai. Ba zan kira sunan ƙasar ba, mutanenmu sun san ta. Yarima Barrak, ɗan ƙanin Sarki, yana da gida a can bakin wani tafki, inda yake gudun zafin bazara. Sai Bin Dahil, shugaban ma'aikatan fada, ya yi abin kirki, ya sa sunan Marzuk cikin masu rakiyar Yarima don ya kasance kusa da matarsa. Ni ma aka sa ni, saboda Turanci. Kullum da rana nakan raka Marzuk asibiti in fassara wa Galiya abin da likita ya ce, in fassara wa likita rabin abin da ta ce, don sauran rabin ba ya fassaruwa cikin mutunci. Maganin yana karɓar ta. Likita ya ce in aka ci gaba ba tare da yankewa ba, akwai fata.

Akwai abin da ke gudana a gidan Yarima wanda ƙananan ma'aikata ba su sani ba. Wata mata 'yar ƙasar, wadda ta yi aikin shara da gyaran ɗakuna a bazarar da ta wuce, ta kai ƙara kotu. Ta ce Yarima ya mare ta har dodon kunnenta ya fashe, ya kuma sa aka kulle ta a ɗaki don kada ta fita a ga jini. Ban kasance a wurin ba, ba zan ce an yi ko ba a yi ba. Abin da na sani shi ne dokar ƙasar ta ce shari'a ba ta fara tafiya sai an danƙa wa wanda ake ƙara sammaci a hannunsa. Lauyoyin Yarima suka ce abin mai sauƙi ne, kada a bar baƙuwar fuska ta kusance shi har ya koma gida. Aka faɗa wa masu gadi, aka faɗa wa direbobi, aka faɗa wa mai ɗaukar waya. Ba wanda ya tuna da Marzuk. Mai gahawa a wurinsu kamar labule yake, ba a yi masa bayani.

A cikin gidan ba ya iya soya gahawa, don akwai wata na'ura a rufi da ke ihu da ta ji hayaƙi. Saboda haka yakan kai kaskonsa wata 'yar rumfa a ƙarshen lambu, kusa da ƙaramar ƙofar da masu kwashe shara ke bi. Wata rana da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗaga kai ya ga wani dattijon Bature tsaye a bakin ƙofar, ya jiƙe sharkaf, yana leƙe. Marzuk ba ya jin Turanci, mutumin ba ya jin Larabci. Amma mutum ne a ƙofa, cikin ruwa, ga kuma ƙamshin gahawa ya riga ya kai hancinsa. A wurinmu wanda ya ji ƙamshin gahawarka ya zama baƙonka, kuma abin kunya ne ka tambayi baƙo sunansa ko abin da ya kawo shi kafin ya sha. Marzuk ya zare sakata, ya yafito shi.

Bai tsaya da shi a rumfa ba. Ubansa ya koya masa cewa gahawa ta maigida ce, ba ta mai zubawa ba, don haka a gaban maigida baƙo ke sha. Ya bi da shi ta kicin, ya shigar da shi falon da Yarima ke zaune da abokansa. Ina wurin. Kowa ya ɗauka wani likita ne ko dillalin dawaki, tunda Marzuk ne ya shigo da shi. Mutumin ya zauna a bakin kujera, ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya karɓi finjali ya shanye, har ya ci dabino ɗaya. Sannan ya miƙe, ya zaro ambulan daga ƙirjinsa, ya kira cikakken sunan Yarima, ya miƙa masa. Yarima ya saba talakawa na miƙa masa takardun koke a ƙofar masallaci. Ya sa hannun dama ya karɓa ko dubawa bai yi ba.

Mutumin ya juyo wurina ya ce, “Ka gaya wa dattijon nan na gode da gahawa.” Ya fita ta inda ya shigo.

Kafin la'asar muna cikin jirgi. Yarima ya rantse ba zai ƙara kwana a ƙasar da ake kai jinin sarauta gaban alƙali saboda mai shara ba. A hanyar filin jirgi Marzuk ya roƙi a tsaya da shi asibiti ko na ɗan lokaci ne ya yi wa matarsa sallama. Direban ya ce, “Abu Faraj, yau kam ka yi shiru. In Yarima ya ji muryarka, ta taga za ka sauka.” Da butarsa a cinya ya zauna har muka iso.

Abin da ya biyo baya jaridu sun buga shi, amma ba yadda muka gan shi ba. Fada ta nemi gwamnatin can ta kashe maganar. Suka ce ba su da iko a kan alƙali. A wurinmu wannan amsa ba ta shiga kunne, don ba mu san ƙasar da mai mulki ba ya iya yi wa alƙali magana ba, sai aka ɗauke ta a matsayin raini. Aka kira jakadansu fada, aka bar shi a zaure tun safe har azahar ba wanda ya ba shi ko ruwa. Ni na fassara masa abin da aka ce masa daga baya, na sassauta inda zan iya. Aka hana shigo da cukunsu da motocinsu. Aka dakatar da jirgin da ke zuwa can kai tsaye. Aka buga wa fasfo ɗinmu hatimi cewa ba ya aiki zuwa ƙasar. Aka dawo da ɗalibai, wasu saura kaɗan su gama. Jakadanmu ya rufe ofis ya dawo da ma'aikatansa. Daga ƙarshe rediyo ya ce marasa lafiya ma za a kwaso su, za a nema musu wani wuri idan hali ya yi.

Shi Marzuk ba a doke shi ba, ba a ɗaure shi ba. An dai karɓi butar, aka ba wani mai suna Suwailim, shi kuma aka tura shi gadin tsohuwar ganuwa inda ba kowa sai tantabaru. Mutane a kasuwa suka riƙa cewa ga wanda ya shayar da sammaci. Abin da ke cinsa shi ne maganar likita, cewa in aka yanke magani a tsakiya, ciwon zai dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Ya same ni a gida bayan sallar la'asar, ya ƙi zama.

“Ustaz, gobe zan je majalisa.”

“Ai an hana ka zuba.”

“Ba zuba zan je yi ba. Zama zan yi.”

Na gane nufinsa. Tsohuwar al'ada ce. Mai babbar buƙata yakan zo majalisa a matsayin baƙo, in an miƙa masa finjali sai ya ajiye a ƙasa bai sha ba. Maigida ba ya barin gahawarsa ta huce a gaban baƙo, dole ya ce masa sha, buƙatarka ta biya. Amma finjali ɗaya, buƙata ɗaya. Shugabannin ƙabilu ke yin haka a kan jini ko neman aure. Ban taɓa jin mai zuba gahawa ya yi ba.

Na ce, “Abu Faraj, wannan zamanin ya wuce. In suka yi kamar ba su gani ba fa?”

“To sai in san ya wuce.”

Washegari ya sa alkyabbar ubansa, wadda zarenta na zinariya ya koɗe, ya shiga majalisar safe tare da masu koke. Ya zauna can ƙarshe kusa da takalma. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya zauna a ɗakin da ya tsufa yana tsaye a cikinsa. Suwailim ya zagayo da buta, ya iso kansa, ya yi turus. Ba shi da yadda zai tsallake mutumin da ke zaune. Ya zuba ya miƙa. Marzuk ya karɓa da dama, ya ajiye a kan darduma a gabansa, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Hira ta riƙa mutuwa daga ƙofa zuwa sama, har ta kai kan Sarki. Sarki ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya ji shirun.

“Wane ne gahawarmu ba ta yi masa ba?”

Bin Dahil ya sunkuya ya raɗa masa. Yarima Barrak na zaune a dama, ya ce da ƙarfi, “Baffa, wannan ne ya buɗe wa karen nan ƙofa. A ɗauke finjalin, tsufa ne ke damunsa.”

Ina kallon tururin finjalin yana raguwa. Sannan Sarki ya ce, “A shimfiɗar ubana finjali bai taɓa hucewa ba, ba kuma a kaina za a fara ba. Sha gahawarka, Abu Faraj. Abin da ya kawo ka ka samu.”

Marzuk ya ce, “Allah ya ja zamaninka, iyalina ce. A bar ta can ta ƙarasa magani.”

“An bar ta.”

Ya ɗauki finjalin ya shanye, ya kaɗa shi, ya miƙe ya fita. Na bi shi zaure. Ya ce mini, “Na yi tunanin in roƙi a kai ni wurinta. Amma in an kwaso ta, me zan je yi? Wannan ne babba. Tafiyata za ta biyo baya.” Ni ma haka na zata.

Da yamma muka je gidan waya, na haɗa shi da asibitin. Yana murna ya faɗa mata. Muryarta na fitowa har inda nake tsaye.

“Wa ya aike ka?”

“Galiya, magani...”

“Na ce wa ya aike ka? Jiya aka kwashe su Ummu Salim da muke jinya tare, na riga na ɗaure kayana. Duk benen nan ba mai jin abin da nake faɗa. In na ce ruwa, su kawo mini bargo. Abincinsu kamar an dafa auduga. Kai kana can kana bajinta a gaban Sarki, ni ka tambaye ni?”

“Likita ya ce in aka yanke...”

“Likita zai yi mini wanka in na mutu? Shi zai juyar da fuskata alƙibla? Ka bar ni in zo in mutu a ɗakina ina jin warin kasuwar kifi, ya fi mini.”

“Ba za ki mutu ba, in sha Allahu. Ina nan zuwa.”

“Kai da ko tulu ba ka miƙowa,” in ji ta. Ta yi dariya kaɗan, sai kuma dariyar ta zama wani abu, ta ajiye waya.

Kafin mako ya zagayo, labarin finjalin ya shiga jarida da rediyo. Aka yi ta yabon Sarki, wanda fushinsa bai hana shi jin ƙan mara lafiya ba. Ma'aikatar harkokin waje ta riƙa ambaton Galiya a duk takardar da ta aika, a matsayin shaida cewa ba mu huce haushi a kan marasa lafiya ba. Ni na juya wasu daga cikin takardun zuwa Turanci. Sunanta ma ba daidai suke rubuta shi ba.

Marzuk ya koma wurin Bin Dahil ya roƙi izinin tafiya. Bin Dahil ya ce hatimin fasfo ya hau kan kowa, har 'ya'yan Sarki, balle wanda ya jawo abin. Marzuk ya ce to a dawo da ita, ta fasa maganin.

Bin Dahil ya cire tabarau ya dube shi. “Abu Faraj, kana cikin hankalinka? A gaban jama'a ka roƙa, a gaban jama'a aka ba ka, duniya ta ji. Yanzu in shiga in ce wa Sarki ga kyautarka an dawo da ita? Su kuma can su ce ashe ƙarya muke?”

“In sake ajiye finjali fa?”

“An riga an gaya wa masu ƙofa kada su bar ka shiga. Ka yi haƙuri, ɗan'uwana. Abin nan ba zai daɗe ba, manya na magana.”

Ko da ta so ta taho da kanta ta wata ƙasa, ba hali. Fasfo ɗin marasa lafiya a ofishin jakadanci ake ajiye su, kuma an kwaso su cikin akwatuna ranar da aka rufe ofishin. Nata yana nan Bandar Sahla, a wani ɗaki a ma'aikatar lafiya, ita tana can.

Duk Juma'a muna zuwa gidan waya. Da farko faɗa take yi, tana tambayar wa ya mutu, wa ya haihu, ko ya tuna ya ba akuyarta ruwa. Da sanyi ya shigo can, maganin ya daina karɓar ta. Maganarta ta riƙa gajarta. Wata Juma'a ta ce masa kawai, “Yi ta magana, ina ji. Ko me ka ga dama faɗa, in dai da harshenmu ne.” Mutumin da ba ya magana goma a wuni ya tsaya yana lissafa mata sunayen jiragen ruwan da ke bakin gaɓa, har mai gidan waya ya ƙwanƙwasa gilashi. Juma'ar da ta biyo baya nas ce ta ɗauka, ta ce ba ta iya riƙe waya.

Ta rasu kafin azumi. Babu ofishin da zai sa hannu a ɗauko gawa, babu jirgi. Wasu Musulmi ma'aikatan masana'anta, 'yan wata ƙasa dabam, su suka yi mata sutura suka binne ta a gefen maƙabartar garin. Allah ya saka musu.

Bayan sallar layya lauyoyi suka sasanta da matar da ta kai ƙara, a ɓoye, ba tare da Yarima ya taka kotu ba. Jakadansu, wanda shi ma ya koma gida lokacin rikicin, ya dawo, aka tarbe shi da turare. Cuku ya dawo kasuwa.

Nas ɗin da ta yi jinyar Galiya mutuniyar kirki ce. Da aka buɗe hanya ta bugo waya fada ta nemi tafinta, ta ce tana so mijin ya san matarsa ba ta mutu ita kaɗai ba, tana riƙe da hannunta. Na je tsohuwar ganuwa na same shi zaune a inuwa, na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ta ce a kwanakin ƙarshe Galiya ta yi ta magana, ba ta yin shiru, wani lokaci kamar tana faɗa, wani lokaci kamar tana ba da saƙo, tana jan hannun nas ɗin tana maimaitawa.

Marzuk ya ɗago. “Me ta ce?”

“Abu Faraj, ba mai jin Larabci a wurin.”

“Ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba? Ka tambaye ta?”

“Na tambaye ta. Ta ce ta yi ƙoƙari, ba ta iya ba.”

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce in sake buga wa nas ɗin in an kwana biyu, wataƙila ta tuna.